Wai Don Me A Ke Karatun Ɓera A Jami'a?

Akwai wata magana da ta ke yawo a bakin mutane a ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni har Isa, duk sa'ad da aka ji wani yaro ya tafi jami'a a Sakkwato yana karatun ilmin dabbobi. Sai a yi dariya, a ce, "Ɗan wane ya tafi birni koyon ɓera da jemage." Wani ya ce da ma likita ya zama, ko lauya, ko mai gina gada. Wani kuma ya ce in dai ɓera ne, ai ga shi nan cike da rumbu, ba sai an biya kuɗin makaranta ba. Wannan magana tana da daɗin ji a dandali, amma kuskure ce, kuskure kuwa mai tsada. Ita ce ta ke sa iyaye su hana 'ya'yansu wannan fanni, ita ce kuma ta ke sa yaron da ya shiga ya riƙa jin kunyar faɗin abin da ya ke karantawa. Sabo da haka ya kamata a warware ta filla-filla, sa'an nan a juya wajen malaman jami'a, don su ma ba su rasa nasu laifin ba.

Abin Da A Ke Koyarwa

Da farko sai a san abin da a ke magana a kansa. Dabbobi masu shayarwa su ne duk waɗanda uwa ta ke ba ɗanta nono, jikinsu yana da gashi ko da kaɗan ne, jininsu kuma yana nan da ɗuminsa ko da rani ko da hunturu. Akuya tana cikinsu, da raƙumi, da kura, da jemage, da ɓera, har da ɗan Adam kansa. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, ana ce da shi Linnaeus, shi ya tara su ƙarƙashin suna guda a shekarar 1758, ya kuwa ciro sunan daga kalmar Latin mai nufin mama. Yanzu masana sun ƙidaya iri fiye da 6,400 a duniya. Abin mamaki, cikin ko wane iri goma, wajen huɗu dangin ɓera ne, biyu kuma jemagu ne. Watau wanda ya raina ɓera da jemage ya raina fiye da rabin dabbobi masu shayarwa ke nan. A Nijeriya, wani malami da ya koyar a Jami'ar Ibadan, D. C. D. Happold, ya wallafa littafi a 1987 inda ya bayyana iri kusan 250. Kafin shi wani ma'aikacin gandun daji, D. R. Rosevear, ya rubuta littafi a kan jemagun Afirka ta Yamma a 1965, da na ɓeraye a 1969, da na masu cin nama a 1974.

Ɗalibin wannan fanni yana koyon yadda a ke gane dangantakar dabbobi, abin da ido kaɗai ba ya nunawa. Ga bushiya ga beguwa, duka biyu ƙaya gare su, kowa sai ya ce 'yan ɗaki ɗaya ne. To, haƙoransu sun ƙaryata wannan: beguwa 'yar'uwar ɓera ce, bushiya kuwa 'yar'uwar jaɓa ce. Kura ta yi kama da kare, amma ta fi kusa da kyanwa. Zomo yana gwaguya kamar gafiya, amma in aka buɗe bakinsa sai a ga waɗansu ƙananan haƙora biyu a ɓoye bayan manyan na sama, waɗanda gafiya ba ta da su, don haka gidansa dabam. Giwa, duk girmanta, danginta na kusa su ne ayu na cikin kogin Kwara da Binuwai, da rema 'yar ƙarama mai zama cikin duwatsu. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi cikin shekarun 1990 ya ƙara nuna har dabgi mai haƙar gara yana cikin wannan zuriya, wadda tushenta ya ke a Afirka. Raƙumin dawa kuma, duk tsawon wuyansa, ƙasusuwan wuyan nan bakwai ne, daidai da na ɓera, daidai da na mutum.

Wani zai ce, to, an ji, amma wannan duk labari ne na nishaɗi, ba ya cika tukunya. A nan ne ya yi kuskure. Wanda ya san haƙorin dabba ya san abincinta. Wanda ya san tsawon cikinta da yawan 'ya'yan da ta ke haifa ya san ko za ta yi yawa har ta zama annoba, ko za ta ƙare in aka matsa mata. Ɓera ya kan yi wajen mako uku a ciki, akuya wata biyar, saniya tara, jaki goma sha biyu, raƙumi goma sha uku, giwa ashirin da biyu. Waɗannan 'yan lissafi su ne mabuɗin al'amura da yawa da su ke damun manomi da makiyayi a bakin Gulbin Rima.

Amfaninsa Ga Talaka

A fara da rumbu. Haƙoran gaba na ɓera ba su daina tsiro tun daga haihuwa har mutuwa, don haka tilas ya yi ta gwaguya, ko da yunwa ko ba yunwa. Shi ya sa ya ke huda buhu, ya fasa ƙwarya, ya ɓata abin da ya fi wanda ya ci. Ba kuwa iri ɗaya ba ne. Akwai na gida, akwai na gona mai fita da rana, akwai na rairayi mai dogayen ƙafafun baya wanda ya ke tone irin gero daren da aka shuka shi. Ko wanne da halinsa, ko wanne da irin dabarar da ta ke kama shi. Masana sun lura cewa in aka yi fari mai tsanani, sa'an nan damina mai kyau ta biyo baya, ciyawa ta yi yawa, sai ɓeraye su ɓarke. Haka ta faru a ƙasashen Sahel a 1975 da 1976, ta sake faruwa a 1986 da 1987, har a Nijar, manoma suka yi ta maimaita shuka. Mutumin da ya karanci wannan zai iya gargaɗin jama'a tun kafin abin ya zo. Zai kuma gaya musu cewa tunku da dila da yanyawa da muzurun daji, waɗanda a ke kashewa don sun ɗauki kaza guda, su ne 'yan gadin gona da ba a biyansu ko kwabo.

Sai batun lafiya. A shekarar 1969 wata cuta ta bayyana a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, ta kashe ma'aikatan jinya, ba wanda ya san inda ta fito. Bayan 'yan shekaru aka gane a ƙasar Saliyo cewa wani irin ɓera ne ya ke ɗauke da ita. Macen wannan ɓera tana da nonna da yawa, har su kan kai ashirin da huɗu, tana kuwa haifar 'ya'ya goma ko fiye a ciki guda. Shi ba ya ciwo, amma fitsarinsa da kashinsa in sun taɓa abincin da aka shanya ko aka bari a buɗe, sai mutum ya kamu. Har yau zazzaɓin Lassa yana kashe mutane ko wace shekara a Nijeriya, galibi da rani. Likita yana jinyar wanda ya kwanta, amma wanda ya ɗana tarko, ya kama ɓerayen gari, ya rarrabe su, ya ce ga mai cutar ga wanda ba shi da ita, shi ne ɗan wanen nan da a ke yi wa dariya. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

A duba jaki kuma. Ba gidan manomi a Gobir da bai san darajarsa ba: shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko ruwa, shi ke kai hatsi kasuwar Shinkafi. Da 'yan kasuwa suka fara sayen fatarsa ana kaiwa ƙasar Sin, inda a ke dafa ta a yi wani magani, sai kuɗinsa ya tashi, mutane suka yi ta sayarwa, suna cewa ai za a haifi waɗansu. Ba su yi lissafi ba. Jaka tana shekara guda da ciki, ɗa ɗaya ta ke haifa, shi kuma sai ya shekara biyu ko uku kafin ya isa aiki. Dabba mai irin wannan haihuwa ba ta jure wuƙar mahauta yadda akuya ta ke jurewa. Gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Da a ce ko wace ƙaramar hukuma tana da mutum guda da ya san wannan lissafi, ana kuma sauraronsa, da talaka bai wayi gari jakin da ya sayar jiya ya fi ƙarfin aljihunsa yau ba.

Ga kuma jar akuya, wadda a ke kira ta Sakkwato a wannan gefen iyaka, ta Maraɗi a wancan. Tun zamanin ayari a ke ɗaukar fatarta a ƙetare Sahara, Turawa su saya a hannun mutanen Maroko, har suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Tana yawan haifar tagwaye, tana da nono. Amma in aka bar ta tana barbara da dogayen awakin arewa ba lura, sai irin ya gauraye, fatar ta rage daraja. Mutanen Nijar sun buɗe gidan kiwonta a Maraɗi tun 1963 don tsare irin. Haka kuma annobar shanu da ta share garkunan Fulani wajen 1890, ta komo a 1983. Ita wannan cuta tana kama ɓauna da mugun dawa da raƙumin dawa, don haka aka yi fargabar ko da an yi wa shanu allura za ta ɓuya cikin namun daji. Masu binciken dabbobi ne suka tabbatar da cewa in ta mutu cikin shanu, a daji ma mutuwa ta ke yi. Aka dage da allura, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya duka a 2011. Ko wane makiyayi a Isa ya ci moriyar wannan ilmi, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu Cewa Daji Ya Ƙare

Akwai waɗansu masu wata hujja dabam. Su kan ce, ai namun dajin sun ƙare, me ya rage da za a karanta? Gaskiya ne an yi hasara mai yawa. Dajin Gundumi, wanda ya ke yamma da Isa, a da abin tsoro ne. Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya ratsa shi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Barth kuma, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853, ayari yana tafiya yini da dare ba a yada zango. Har wajen 1990 ana ganin giwaye a dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Yau bindiga, da faɗaɗar gonaki, da saran itace don girki da gawayi, da farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, sun taru sun kore manyan namun daji daga wannan yanki. Zakin da ya rage a Nijeriya duka 'yan ƙalilan ne, a Yankari da Kainji. Yaron Sabon Birni yana jin maroƙa suna yi wa sarakuna kirari da giwa da ɓauna, yana jin karin magana a kan gwanki da barewa, alhali bai taɓa ganin ko sawunsu ba.

Amma wannan ai hujja ce ta a ƙara karatun. Wanda gidansa ya ke ci da wuta ba ya cewa tun da zaure ya ƙone a bar sauran ɗakuna. A dubi abin da ya faru a maƙwabta. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma, wanda a da ya ke yawo tun daga Senegal har Tabkin Cadi, ya ragu har a 1996 aka ƙidaya 49 kacal, dukansu a wajen Kure, kusa da Yamai. Masana suka zauna suka yi aiki. Suka lura cewa zanen jikin ko wane raƙumin dawa dabam ya ke da na ɗan'uwansa, suka ɗauki hoton ko wanne, suka san shi kamar yadda Bafillace ya san shanunsa. Suka gane itatuwan da su ke ci da rani da waɗanda su ke ci da damina. Hukuma ta hana harbi, aka shirya da mutanen ƙauyuka, aka ɗauki 'ya'yansu aikin rakiyar baƙi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sai ga su sun haura 600. A 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji, a Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga irinsu ba. Manoman Kure ba su fi na Gobir wadata ba, ƙasarsu ba ta fi ta Gobir ruwa ba. Abin da suka samu shi ne mutanen da suka san dabbar.

Hujja ta ƙarshe ita ce mai nauyi, ba kuwa za a yi mata wasa ba. Masu ita su kan ce, ana kashe mutane, wa ke ta dabba? A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun bar gonakinsu, waɗansu sun ƙetara Gidan Rumji, waɗansu sun tare a Isa da Sakkwato. Ba mai hankalin da zai ce malami ya kwashi ɗalibai ya shiga Gundumi a wannan hali, ba kuma wanda zai ce ilmin dabbobi zai kori ɗan bindiga. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, wanda ya yi gudun hijira ya bar rumbu, ya zauna a cunkushe a makaranta ko kango, shi ya fi kowa shiga haɗarin cutar ɓera da cizon mahaukacin kare. Na biyu, tsofaffin maharba da makiyaya, waɗanda suka san ko wane kwari da ko wace mashaya ta dajin nan, yanzu suna zaune a gari ba aiki, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ko wanne ya tafi, ya tafi da abin da ba a rubuta ba. Ranar da lafiya ta samu, za a bukaci wanda zai ce ga abin da ke dajin nan a da, ga abin da ya rage, ga yadda za a mayar. In ba a horar da shi yau ba, ran nan sai a ɗauko baƙo daga wata ƙasa a biya shi, ya zo yana tambayar sunan gada.

Laifin Jami'a

To, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Masu dariyar nan ba haka kawai suka fara ba, sun ga abin da suka gani. A jami'o'i da yawa na ƙasar nan, yadda a ke koyar da wannan darasi shi ne malami ya tsaya gaban allo yana karanto sunayen Latin, ɗalibai suna kwafa, su haddace, su zubar ranar jarrabawa, su manta. Littattafan galibi an rubuta su ne don 'yan Ingila da Amurka, misalansu na can ne. Sai ɗalibi ya fito ya iya bayanin kangaru na Ostareliya mai goyon ɗa cikin jaka, da wata dabba ta can mai baki kamar na agwagwa wadda ta ke yin ƙwai ta kuma shayar, amma in ya komo gida hutu, ubansa ya nuna masa rami a gindin rumbu ya ce, "Kai ɗan boko, na mene ne wannan?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba." Ina laifin uban in ya ce an cuce shi? Sanin kangaru yana da kyau, don ba a gane tsarin dabbobi duka sai da shi. Aibin shi ne a tsaya can, a bar na gida. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma an koya wa mai ɗakin nan rufin gidan wani.

Kada kuma a zarce a ce tun da haka ne, maharbi ya isa, ba a bukatar jami'a. Maharbi ya san sawu, ya san kashi, ya san lokacin da barewa ta ke haihuwa da inda dage ya ke kwana, abin da farfesa da yawa ba su sani ba. Amma cikin saninsa akwai ji-ta-ji-ta. Ya kan ce beguwa tana harbi da ƙayarta, alhali ja da baya ta ke yi ta soki abokin gaba, ƙayar ta cire ta maƙale. Ya kan ce kura mata-maza ce, alhali macen ce halittarta ta yi kama da ta namiji. Ya kan ce jemage ba ya cikin tsuntsu ba ya cikin dabba, alhali dabba ce sosai, tana haihuwa tana shayarwa, masu cin ƙwari cikinsu kuma suna rage wa manomi ƙwarin gona, masu cin 'ya'yan itace suna watsa iri nesa. Haka kuma maharbi ya san dajinsa kaɗai, bai san abin da aka gwada a Kure ko a Yankari ba. Ilmin maharbi da na jami'a kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, ɗaya ba ya niƙa sai da ɗaya.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Malaman jami'a ba su da sauran uzuri na cewa daga sama aka tsara musu kome. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin karatu, ta riƙe kashi 70 cikin 100, ta bar wa ko wace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, duka suna da wannan dama. Ga abin da ya kamata a zuba cikin kashi talatin ɗin nan.

Na farko, a fara da abin da ke kusa. Ba sai an shiga daji ba. A mahautar Sakkwato ana yanka shanu da tumaki da awaki da raƙuma kullum. A can ɗalibi zai ga da idonsa cewa akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, tumbinta ɗaki huɗu ne, na raƙumi uku, tozonsa kuma kitse ne. A kara zai ga bambancin gudali da rahaji, da na uda da balami. A majema zai ga abin da ya sa fatar jar akuya ta fi. A ɗakunan kwanan ɗalibai da rumbunan ƙauyukan da ke kewaye da jami'a zai ɗana tarko, da safar hannu da kulawar malami, ya auna abin da ya kama, ya rubuta. Gani ya kori ji.

Na biyu, ko wace dabba a koyar da ita da suna biyu, na Latin da na gida. Na Latin don ɗalibi ya yi magana da masanan duniya, na Hausa da na Fulatanci don ya yi magana da mutanen da zai yi wa aiki. Wanda bai san dabgi da bodari da sayaki da sunayensu ba, yaya zai tambayi manomi ko ya gan su?

Na uku, a gayyato Sarkin Baka da Sarkin Fawa da Arɗo su shigo aji, a shimfiɗa musu, a biya su kamar yadda a ke biyan ko wane malami baƙo. Ɗalibi ya durƙusa ya ce, "Baba, sawun mene ne wannan?" ya rubuta amsar, sa'an nan ya gwada ta da abin da ke cikin littafi.

Na huɗu, ko wane ɗalibi ɗan Isa ko Sabon Birni ko Goronyo a ba shi aikin ya zauna da dattawan garinsu, ya rubuta dabbobin da suka sani, da inda suka gan su, da shekarar da suka yi musu ganin ƙarshe, ko da da lissafin sarautar wane ko yunwar kaza ne. A tara waɗannan a jami'a, tare da ƙoƙunan kai da fatu da hotuna, su zama ma'ajiyar dabbobin ƙasar Rima. A kuma buga taƙaitaccensu da Hausa, don wanda ya ba da labarin ya karanta abinsa.

Na biyar, a haɗa kai da jami'ar Maraɗi. Gobir ɗaya ce, ko a Tsibiri ko a Sabon Birni, dila kuwa ba ya neman fasfo.

Iyaye su ma da nasu aikin. Wanda ɗansa ya ce zai karanci dabbobi, kada ya karya masa gwiwa. Aiki yana nan a ma'aikatar gona, da ta lafiya, da ta gandun daji, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, da ta Vom wadda ta ke aiki tun 1924. Abin da ya wajaba ga uba shi ne ya riƙa jarraba yaron. In ya zo hutu, a kai shi gindin rumbu, a nuna masa rami, a nuna masa kashi, a tambaye shi. In ya amsa, an ci riba. In ya kasa, a ce ya koma ya tambayi malaminsa, ya kuma gaya masa daga Gobir aka aiko da tambayar. In tambayoyin nan suka yi ta isa jami'a daga Gatawa da Kurawa da Bafarawa, malamai za su nemo amsa, darasin kuma zai gyaru. Alƙalawa ta faɗi tun 1808, amma har yau ana tuna sarakunanta ɗaya bayan ɗaya, domin an sami waɗanda suka riƙe sunayen, aka kuma rubuta. Namun dajin Gobir ma suna bukatar masu riƙewa da masu rubutawa, tun dattawan da suka san su suna da rai.